Askar Wanzami Da 'Ya'yanmu Mata: Shin Hukuma Tana Da Ikon Hanawa?

 

Ya ku 'yan'uwa masu karatun wannan fili, maganarmu ta wannan mako magana ce mai nauyi a baki, irin wadda Bahaushe ya saba kau da kai daga gare ta saboda kunya. Amma Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yaba wa matan Madina domin kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba. Saboda haka mu ma za mu yi magana, tare da sakayawa gwargwadon iko, a kan abin da a ke kira kaciyar mata, da dokar da hukuma ta kafa don hana ta, da kuma tambayar da ta dami mutanen kirki da yawa, watau ko ya halatta Musulmi ya goyi bayan wannan doka, ko kuwa shisshigi ce a cikin addini.

In ka ta da wannan zance a wata majalisa a Daura, ko Mai'aduwa, ko Zango, amsar farko da za ka ji ita ce, ai mu ba mu yin wannan, al'adar mutanen kudu ce. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, gama irin yankan da aka sani a waɗansu sassa na kudancin Nijeriya, ko na Sudan da Somaliya inda har ɗinkewa a ke yi, ba shi ne ya yaɗu a ƙasar Hausa ba. Amma fa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Namu yana nan, suna kawai muka sake masa.

Na farko shi ne cire angurya. A kwanakin farko na haihuwa wanzami ya kan zo ya cire wa jariri belu, in mace ce kuma sai ya sa aska ya yanke ɗan naman da ke bakin gabanta, wai in an bar shi zai girma ya toshe hanya, ta ƙi miji in ta yi aure. Har wa yau a kan yi wa amarya ƙarama wadda tsoro ko zafi ya sa ta guje wa ɗakinta. Maimakon a bi ta da lallashi, ko a tambayi abin da ya kore ta, sai tsofaffi su ce angurya gare ta, a danne ta a yanka. Na biyu shi ne yankan gishiri. Mace ta kwana biyu tana naƙuda haihuwa ta ƙi zuwa, sai a ce gishiri ne ya tare ƙofa, ungozoma ko wanzami ya sa aska ko reza ya tsaga ta daga ciki, a wurin da idonsa ba ya gani. A kan yi shi kuma don rashin haihuwa, ko ɗaukewar al'ada, ko ƙaiƙayi, ko ciwon mara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa kaciyar mata kashi huɗu, waɗannan biyun namu kuwa suna cikin kashi na huɗu. Ashe ke nan ba mu da bakin cewa maganar ba ta shafe mu ba.

To, me wannan aska ta ke haifarwa? Tsakanin hanyar haihuwa da mafitsara wani ɗan shamaki ne marar kauri Allah Ya sanya. In aska ta zarce kaɗan ta huda shi, shi ke nan fitsari ya sami hanyar da ba tasa ba, ya riƙa zuba dare da rana ba tare da mai shi ta iya riƙe shi ba. Wannan shi ne ciwon yoyon fitsari. Wani likita mai suna Tahzib ya bi bayanan mata 1,443 waɗanda aka kai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da wannan ciwo daga 1969 zuwa 1980, ya tarar mafi yawansu doguwar naƙuda ce ta jawo musu, amma kashi 13 cikin 100 yankan gishiri ne sanadi. Ku lissafa da kanku, mata kusan 190 ke nan a asibiti guda, ban da waɗanda jini ya ƙare musu a ɗaka ba su kai ko bakin ƙofar asibiti ba. Mu a wannan jiha ba sai an ba mu labari ba. Asibitin Babbar Ruga da ke gefen birnin Katsina, wanda dā na kutare ne, tun 1984 wani likita ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya fara ɗinke mata masu wannan ciwo a cikinsa, har wurin ya zama cibiya ta ƙasa baki ɗaya. Duk wanda ke shakka, tafiyar Daura zuwa Katsina ba ta kai ta yini ba, ya je ya gani da idonsa.

Ku dubi halin wadda abin ya sama. Zanenta kullum a jiƙe, wari ya hana ta shiga biki ko makarantar Islamiyya, sau da yawa miji ya sake ta, ta koma gidan iyaye a ware mata ɗaki a ƙarshen gida. Shari'a ta yi mata sauƙi a kan alwala, gama hukuncin mai yoyon da ba ya yankewa sananne ne a littattafanmu, amma wa zai mayar mata da natsuwar da ta ke samu dā in ta tsaya a kan sallaya? Jaririya kuwa jininta duka bai fi cikin ƙaramin kofi ba, kaɗan ya zuba ta galabaita. Ga ciwon sarƙe-haƙora da aska marar tsabta ta kan jawo, ga ciwon hanta da ƙanjamau waɗanda ke bin jini daga wannan jiki zuwa wancan in aska ɗaya ce ta zaga gari.

Yanzu sai mu koma ga littafi, gama a nan ne gardamar ta ke. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya san malam ya ambaci kaciya ga maza a matsayin sunna mai ƙarfi, ya ambaci ta mata, wadda Larabawa ke kira khifadi, a matsayin karramawa kawai. Wannan shi ne matsayin mazhabarmu ta Malikiyya, ba farilla ba ce. Ba za mu ɓoye ba, Shafi'iyya sun tsananta, mashhurin zancensu shi ne wajibi ce. Amma malami, kome girmansa, a kan tambaye shi hujja, hujjojin wannan babi kuwa ga yadda su ke.

Akwai hadisin Ummu Aɗiyya, wanda a cikinsa aka ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi wata mai yi wa mata kaciya a Madina da kada ta zurfafa. Imam Abu Dawuda wanda ya kawo shi a littafinsa, shi da kansa ya ce hadisin mai rauni ne, domin a cikin masu ruwayarsa akwai Muhammadu bin Hassan wanda ba a san ko wane ne ba. Akwai kuma wanda daga gare shi ne kalmar karramawa ta fito, Imam Ahmad da Baihaƙi sun ruwaito shi, amma ya bi ta hannun Hajjaju bin Arɗata, wanda malaman hadisi ba su kafa hujja da abin da ya kaɗaita da shi, Baihaƙi kansa ya raunana shi. Ibnul Munzir ya bayyana cewa babu wani ingantaccen labari a wannan babi da za a dogara a kansa, Sayyid Sabiƙ kuma a cikin Fiƙhus Sunna ya ce hadisan da ke umurni da kaciyar mace babu wanda ya inganta a cikinsu.

Saura guda ɗaya wanda ya inganta, shi ne hadisin da ya wajabta wanka in wuraren kaciya biyu suka haɗu. Waɗansu su kan ce, tun da an ce biyu, ai mace ma tana da kaciya ke nan. A nan sai na roƙi ɗalibaina na Larabci su tuna da babin rinjayarwa. Balarabe ya kan haɗa abu biyu ya kira su da sunan ɗaya daga cikinsu. Ya kan ce uba biyu yana nufin uwa da uba, ya ce wata biyu yana nufin rana da wata, ya ce Umaru biyu yana nufin Abubakar da Umaru. Ba wanda ya taɓa cewa uwa ta zama uba saboda wannan. Ko da ma mun sallama cewa waɗansu matan Larabawa na wancan zamani suna da kaciya, hadisin yana koyar da hukuncin wanka ne, ambaton abin da mutane ke yi kuwa dabam, umurni da a yi shi dabam. Daɗa ga babbar hujja. Manzon Allah yana da 'ya'ya mata huɗu, Zainabu da Ruƙayya da Ummu Kulsum da Faɗima. Sahabbai sun kawo mana yadda ya ke cin abinci da yadda ya ke yanke farce, amma babu wata ingantacciyar ruwaya da ta ce ya sa an yi wa ɗaya daga cikinsu wannan abu. Da alheri ne da gidansa aka fara.

Har a cikin Malikiyya ma ba a taɓa ɗaukarsa hukuncin da ya hau kan kowace mace ba. Ibnul Hajji mai littafin Madkhal, wanda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yawaita ciro magana daga gare shi, ya kawo saɓani a kan ko matan Magrib ma suna bukatarsa. Ga shi kuwa yau Maroko da Aljeriya da Tunisiya, ƙasashen Malikiyya tsantsa, ba su san wannan al'ada ba. Birnin Ƙairawan kansa, garin mai Risala, yana cikin Tunisiya. Za mu ce mun fi su riƙo da littafin ɗan garinsu?

Abin da ya fi wannan duka muhimmanci ga mutumin Daura shi ne, ko da a ce hadisan nan sun inganta, ba su yi maganar abin da mu ke yi ba. Khifadin da malamai suka siffanta ɗaukar ɗan abu ne kaɗan daga fatar sama. Babu littafin fiƙihu ko ɗaya, daga Ahalari har Muhtasar, da ya ce a tsaga cikin mace mai naƙuda da reza, ko a yanke budurcin jaririya 'yar kwana uku. Gishiri da angurya maganin gargajiya ne wanda kakanni suka yi bisa iyakar saninsu, ba su da nasaba da sunna ko ta nesa. Wanda ya jingina su ga addini ya ɗora wa addini abin da bai faɗa ba. Allah Ya gaya mana a Suratut Tini, aya ta 4, cewa a mafi kyawun tsari Ya yi mutum, a Suratun Nisa'i kuma, aya ta 119, Ya nuna cewa canja halittarsa yana cikin abubuwan da Shaiɗan ya yi alkawarin sa mutane su yi. Jikin yarinya amana ce a hannun ubanta, ba a zubar da jininta sai da dalili tabbatacce daga shari'a ko daga likita masani.

To, sai tambaya ta biyu. In an yarda abin ba wajibi ba ne, me ya sa ba za a bar shi ga wa'azi ba, sai an kawo doka da kurkuku? Amsa ita ce, wadda a ke cuta ba ta da bakin kare kanta. Jaririya ba ta magana, mai naƙuda kuwa ba ta cikin hayyacinta. A irin wannan wuri ne Allah Ya ɗora wa shugaba nauyi. Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hadisin da ya hana cuta da cutarwa, malamai kuma suka mai da shi ɗaya daga cikin ginshiƙan fiƙihu. Mazhabar Malik ita ce ta fi kowace shahara da lura da maslahar jama'a da toshe ƙofar ɓarna. A kan wannan ne malamai suka ce shugaba yana da ikon hana abin da asalinsa halal ne in cutarsa ta bayyana. Auren mace Bayahudiya ko Banasariya halal ne da nassin Alƙur'ani, amma da Sayyidina Umaru ya ji Huzaifa ya auri Bayahudiya sai ya rubuta masa ya rabu da ita, don tsoron abin da zai biyo baya ga Musulmi. In Umaru ya taka wa abin da aya ta halatta birki saboda maslaha, ina ga abin da ba shi da aya, ba shi da ingantaccen hadisi, ga kuma majinyatansa kwance a Babbar Ruga?

Hukunta mai aska ma ba baƙon abu ba ne a shari'armu. Hadisi ya zo a Abu Dawuda da Nasa'i cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin likita ba, alhakin abin da ya lalata yana wuyansa. A cikin Muwaɗɗa, Malik ya hukunta diyya a kan mai kaciyar da hannunsa ya zarce ya yanke kan gaban yaro. Malaman fiƙihu sun yi babi a kan raunin da a ke yi wa mace a gabanta, har da wanda ya kan haɗe hanyoyi biyu su zama ɗaya, suka ɗora biyan diyya ko ramuwa gwargwadon ɓarnar. Watau ƙarnuka kafin a haifi Majalisar Ɗinkin Duniya, alƙalin Musulunci ya san wannan laifi ne. Abin mamaki shi ne yadda mu muka mai da shi ƙaddara, a ce Allah ne Ya kawo, a sallami wanzami da goro da kuɗin aski.

Dokar da mu ke magana a kai ga yadda ta ke. Ran 25 ga Mayu 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP. Sashe na 6 ya hana kaciyar mata, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 4, ko tarar da za ta iya kai Naira 200,000, ko duka biyu, ga wanda ya yi ko ya sa aka yi. Wanda ya zuga ko ya taimaka, nasa ya kan kai shekara 2 ko Naira 100,000. Wannan doka ta tarayya Abuja kaɗai ta ke aiki sai in jiha ta karɓe ta, Jihar Katsina kuwa ta yi nata, Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya sa hannu a watan Disamba 2023. A ganina tarar nan ta tarayya ta yi kaɗan ƙwarai in aka gwada ta da diyyar da shari'a ta yanke wa gaɓar ɗan Adam, amma ko ba kome ta kira laifi da sunansa.

Na san akwai masu cewa wannan duk shirin Turawa ne, yau sun hana wannan gobe su hana wani. Tsoron nan ba na banza ba ne, mun ga abubuwa da dama da aka shigo da su da sunan ci gaba waɗanda ba mu yarda da su ba, ba kuwa za mu yarda ba. Amma gaskiya ba ta zama ƙarya don wanda ba ka so ya faɗe ta. A watan Nuwamba 2006 manyan malamai suka taru a Alƙahira, cikinsu har da Shaihun Azhar Muhammad Sayyid Ɗanɗawi da Muftin Masar Ali Juma'a, suka saurari likitoci, suka fitar da matsaya cewa wannan al'ada cuta ce, suka nemi hukumomi su kafa dokar hana ta. A 2007 wata yarinya 'yar shekara 12 ta mutu a wurin kaciya a ƙasar, Mufti ya fito fili ya ce haramun ne, a 2008 Masar ta sa shi cikin laifuffuka. Sudan ta bi sahu a 2020. A Gambiya, ƙasar da galibin mutanenta Musulmi ne, an kawo ƙudurin soke dokar hanin a 2024, majalisa ta ƙi. Maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda mu ke cin kasuwar Mai'aduwa tare, mu ke auratayya da su ta Kwangwalam har Magarya da Matamaye, tun 2003 suka kafa tasu. Waɗannan duka ba su san addini ba ne?

Sai dai doka a takarda ba ta hana jini zuba. Matar da ke naƙuda a wani ƙauye na Baure ko Sandamu da tsakar dare, ba mota, ba kuɗin mota, mijin ya tafi cin rani, surukarta ba mugunta ce ta sa ta aika a kira mai aska ba, abin da ta sani ke nan. Hukumar da ta hana aska wajibinta ne ta kawo abin da ya fi aska, watau ungozoma mai horo a kusa, da motar ɗaukar majinyata, da asibitin da za a iya yi wa mace aiki a ciro ɗa in ƙugunta ya kasa. Gama abin da a ke kira gishiri a wurin naƙuda, galibi kan ɗa ne ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ko kwanciyarsa ce ba daidai ba, tsaga nama kuwa ba ya buɗe ƙashi. Maigida kuma ya bar izini a gida tun cikin yana ƙarami, cewa in naƙuda ta wuce yini ko kwana a tafi asibiti ko ba ya nan. Shehu Usmanu a cikin Nurul Albabi ya zargi mazan da su ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci ba kula. Barin su a hannun reza yana cikin wannan sakaci.

Wanzamai kuwa ba abokan gāba ba ne. Sana'a ce mai asali, su ne masu aski da ƙaho da kaciyar 'ya'yanmu maza, suna da sarkinsu, suna jin maganar fada. Masarautar Daura, tun daga Mai Martaba Sarki Alhaji Umar Faruk Umar har hakimai da dagatai da masu unguwanni a ƙananan hukumomi biyar, tana da hanyar da saƙo zai kai kowane zaure cikin mako guda, abin da ɗan sanda ba zai iya ba. In aka tara Sarkin Aska da mutanensa aka karanta musu dokar da Hausa, aka kawo likita ya nuna musu abin da ke bayan wurin da su ke tsagawa, mafi yawansu za su ajiye wannan ɓangare na aikin da kansu. Wanda ya ƙi bayan ya ji, to, sai alƙali. An ce wanzami ba ya son jarfa.

Roƙona na musamman ga 'yan'uwana limamai da malaman zaure ne, domin mu ne a ke kira da asuba ran suna, mu ne mu ke zaune a ƙofar gida lokacin da wanzami ya ke shiga da zabirarsa. Kafin a raba goro a yi fatiha, liman ya tambayi uban jaririya a gaban jama'a abin da za a yi mata a cikin gida. In aski ne, sunna ce, a yi, a ba da sadakar nauyin gashin. In an ce za a duba angurya, ya gaya masa cewa ba ta cikin littafi, hukuma kuma ta hana, in kuwa ana zaton akwai wata matsala a jikin yarinyar, a kai ta babban asibitin Daura likita ya duba.